Kafin a Ɗaure Wa Jaki Kaya: Yadda Fatake Ke Shirin Tafiya Gwanja

A zamanin da babu mota babu jirgin ƙasa, in aka ce wane ya tafi Gwanja, iyalinsa sun san sai bayan wata shida za su sa shi a ido, wani lokacin ma sai shekara ta zagayo. Daga Kano zuwa Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja a arewacin Ghana ta yau, ya haura kilomita 1,000 ko da a miƙe aka auna, hanyar fatake kuwa ba ta san miƙewa ba. Wata biyu zuwa uku ake yi ana bin jakuna kafin a isa. Goro ake zuwa nema, wanda yake fitowa daga dazuzzukan ƙasar Asante, mutanen da Hausawan wancan zamani suke kira Tonawa.

Hanyar tsohuwa ce. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Amma cinikin bai kai ganiyarsa ba sai a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu, lokacin da cin goro ya yaɗu a ƙasar Hausa, sarakunan Asante kuma suka tsayar da Salaga a matsayin inda mutanen arewa za su tsaya su saya, ba tare da sun gangara cikin daji inda itacen yake ba. Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano da Katsina, da Kambarin Barebari na wajen Gummi, su ne suka fi shahara da wannan fatauci. A garuruwa irin su Madobi da Bebeji, yaro yakan tashi ya tarar da kakansa ya je Gwanja, ubansa ya je, shi ma ranarsa ake jira.

Wanda ya duba yadda waɗannan mutane suke tafiya zai ga cewa rabin aikin a gida ake gama shi. Riba da asara, har ma rai da mutuwa, sukan rataya ne a kan abin da aka shirya tun kafin a ɗaure wa jaki kaya.

Farkon abin da ake dubawa lokaci ne. Ba a fita da damina. Ƙasa ta jiƙe, jaki ba ya son taɓo, koguna sun cika, kaya kuma za su lalace. Sai ruwa ya ɗauke, an yi girbi, hatsi ya yi araha a ƙauyukan da za a ratsa, ciyawa ba ta riga ta ƙone ba, sannan ake motsi. A can kudu ma a daidai wannan tsakanin ne sabon goro yake shigowa kasuwa. Mai lissafi yana so ya isa Salaga cikin rani, ya yi ciniki, ya juyo kafin ruwan wata shekara ya tare shi a bakin Kwara. Wanda ya makara yakan ci damina a wani zango, yana ci daga uwar kuɗi, goronsa na bushewa.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ji daga bakin masu sana'ar cewa abu uku ne sai sun haɗu kasuwar Salaga take ci: Mosawa su kawo jakunansu, Tonawa su kawo goro isasshe, hanya kuma ta yi lafiyar da Hausawa za su iya isowa. In ɗaya ya faɗi, shekarar ta tafi. Shi ya sa falke ba ya wasa da labari. Duk ayarin da ya dawo, ana zuwa yi masa barka da sauka, kuma a cikin barkar ake jin wane sarki ne ya mutu, wane ne ya ƙara kuɗin fito, ina aka tare mutane bara, nawa ƙwaryar goro take. Da wannan ake zaɓen hanya. Akwai ta arewa, wadda take bi ta Sakkwato da Jega, a haye Kwara a wajen Gaya ko Illo, a ratsa ƙasar Gurma zuwa Sansanne Mango, a sauko Yendi, sannan Salaga. Akwai ta kudu, ta Yawuri ko Busa, a shiga Bargu, a bi ta Nikki da Djougou. Bargu na da suna wajen 'yan kwanta, domin 'ya'yan sarakunan ƙasar da yawa da tare ayari suke ci. Wata hanyar kuma daga ƙasar Mosi take saukowa, ta Kupela da Tenkodogo, ta shigo Bawku, ta hau Gambaga ta nufi kudu. Ta nan ne jakuna da shanu da tumaki suka fi bi, kuma tsaron wannan hanya na cikin dalilan da suka sa sarakunan Mamprusi suka ajiye mutanensu a Bawku da garuruwan kewayenta.

Bayan lokaci da hanya, sai tambayar da ta fi kowace nauyi: bayan wa za a bi? Ba mai hankalin da zai kama hanyar Gwanja shi kaɗai. Wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, ya gamu da wani ayari a Kaiama ta ƙasar Bargu a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kusan haka. Taro irin wannan gari ne guda yake tafiya, kuma gari ba ya zama babu shugaba. Madugu shi ne uban tafiya. Ba sarki ne yake naɗa shi ba, suna ne yake jawo masa jama'a: sau nawa ya kai mutane ya dawo da su lafiya, sarakuna nawa suka san fuskarsa, yaya bakinsa yake in an zauna ciniki da mai gari, yaya zuciyarsa take in an ji ƙarar kibiya. Mutane sukan kuma yi la'akari da abin da suka yi imani yana da shi na tsari da asiri. Madugun da aka washe ayarinsa sau biyu, da wuya ya sake tara mutane a shekara ta uku.

A ƙarƙashinsa akwai jagaba, mai shiga gaba, wanda ya san inda hanya ta rabu da inda ruwa yake. Akwai uban dawaki, wanda aikinsa ya haɗa da tattara abin da kowa zai bayar in an zo biyan kuɗin wucewa. Akwai malamin ayari, mai duba ranar da ta dace a tashi, mai jan salla, mai rubuta lissafi da wasiƙu, kuma in wani ya rasu a hanya shi ne zai rubuta abin da ya bari don ya isa hannun magadansa. Makaɗi na nan, da gangarsa ake sanin a tashi ko a sauke. Madugu kansa sau da yawa a baya yake tafiya, don kada a bar gajiyayye, kuma don mahara sun fi son wutsiyar ayari.

Ana iya cewa wannan tsari shi ne fasfo da inshorar wancan zamani a haɗe. Ƙaramin falke mai jaki biyu ba shi da bakin magana da sarkin Nikki ko Ya Na, sarkin Dagomba da ke Yendi, amma in yana cikin ayarin madugun da aka sani, darajar madugun ta rufe shi. A kowace ƙasa ayari yakan sauka a bayan gari, madugu ya shiga da gaisuwa, riga ko rawani ko kayan doki, a zauna a daidaita abin da za a biya a kan kowane kaya, sannan a raba wa kowa gwargwadon dabbobinsa. A bakin kogi kuma ga masu jirgi da nasu kuɗin fiton. Falken da bai ware wannan kaso tun daga gida ba, a tsakiyar hanya zai fara kwance hajarsa yana sayarwa a wulaƙance.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ɗaure kai. Wuri ne kuɗin ƙasa tun daga Kano har Salaga, amma nauyinsa ya fi ƙimarsa. Charles Robinson, Baturen Ingila da ya zauna a Kano a 1894 zuwa 1895, ya ba da labarin yadda ya rasa yadda zai sayar da dokinsa a hanya, saboda wurin da za a biya shi sai an ɗauki 'yan dako 15, ladansu kuma zai cinye kuɗin ya nemi ƙari. Don haka falke ba kuɗi yake ɗauka ba, kaya yake ɗauka waɗanda za su zama kuɗi a duk inda ya sauka. Kanwa tana kan gaba, domin ana nemanta ko'ina, ga miya, ga taba, ga dabbobi, kuma ba ta ruɓa. Sai rinannun tufafi na Kano da Kura, baƙi mai ƙyalli da aka buga, da riguna da wanduna, da takalma da jakunkunan fata, da tozali, da duwatsun wuya, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Gwanin falke yakan raba hajarsa biyu: manyan kaya da ba za a taɓa ba sai Salaga, da ƙananan da za a riƙa saki kaɗan-kaɗan ana sayen hatsi da itace. Yakan kuma saya a nan ya sayar a can, ta yadda kafin ya isa jarinsa ya juya sau da yawa. Da yawa cikin matasan ayari ba da dukiyarsu suke tafiya ba. Maigida ne a Kano ko Jega ya ɗora musu kaya bisa amana, sai an dawo a yi lissafi.

Akwai wani ɓangare na wannan lissafi da bai kamata a rufe shi ba. Cikin abin da ake mayarwa kuɗin tafiya har da mutane. Robinson ya ga yadda mai shirin doguwar tafiya yakan sayi bayi, su ɗauki kaya, a riƙa sayar da su a hanya in guzuri ya ƙare. Salaga kanta tana cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma. Dagomba na biyan Asante haraji da mutane, kuma a shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun cika kasuwar da mutanen ƙasar Gurunsi da suka kamo. Har yau a Salaga ana nuna wurin da ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke su kafin a kai su kasuwa, kabarin Babatu kuma yana Yendi, inda ya rasu a 1907. Duk mai alfahari da jarumtar fatake, wajibi ne ya tuna da waɗanda suka yi wannan tafiya da igiya a wuya, babu wanda ya tambaye su ko sun shirya.

Shirin dabbobi shi ma aiki ne na makonni. A duba kofaton jaki da bayansa, a gyara akumari don kada kaya su yi masa miki, a ɗinke mangala da taiki, a murza igiyoyi. Wasu da takarkari suke tafiya, masu hali da alfadari, madugu da manyan fatake a kan doki. Jakin da ya taso daga Kano ba kowanne ne yake komawa ba, shi ya sa jakunan Mosi da ake saukowa da su ta Bawku suke da kasuwa a Salaga. Guzurin baki kuwa mata ne suke haɗa shi, kuma abin da ba ya lalacewa ake zaɓa: gari da gumba, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa, barkono, gishiri, kilishi. Ga salka da gora na ruwa, ga tabarma da buta, ga kwari da baka ko takobi, ga laya a damtse. Mata da yawa ma suna cikin ayarin, wasu matan fatake ne masu girki a zango, wasu 'yan dako, wasu kuma da ƙaramin cinikinsu. Kafin a fita, mutum ya biya bashin da zai iya, ya faɗi wanda ake binsa da wanda yake bi a gaban shaidu, ya bar wa iyali hatsin da zai kai su, ya yi sadaka, ya bi dangi yana neman gafara. Sannan ba a tashi daga ƙofar gida kai tsaye. Akan fita bayan gari a yi zangon farko, a kwana biyu ana jiran waɗanda suka makara, wanda ya yi mantuwa kuma ya koma ya ɗauko.

Da ɗan gari akan ci gari. Falke ya san gidan da zai sauka a Yendi da Salaga tun bai bar gida ba, sau da yawa gidan da ubansa ya saba sauka ne. Maigidan da ya saukar da shi zai ba shi ɗaki da wurin ajiye kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in an yi bashi ko an shiga shari'a. A Salaga wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gari ne mai ƙarancin ruwa. Barth ya ji labarin cewa saye ake yi da tsada, kuma yawan rijiyoyin da aka haƙa ne ya sa ake yi mata kirari da garin rijiya dubu. Baƙon da ba shi da masauki, ruwan da jakunansa za su sha kaɗai ya isa ya karya shi. Wasiƙa daga wani malami ko attajiri zuwa ga takwaransa takan buɗe ƙofar da kuɗi ba za su buɗe ba. Alhaji Umaru, malamin nan da aka haifa a Kano a 1858, wanda ya zauna a Salaga sannan ya zama limamin Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, tun yana saurayi ya tsara littafi da Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa. Ɗan gidan fatake ne, ya san amfaninta.

Dawowa ta fi tafiya wuya, saboda goro ɗan lallashi ne. Da ƙwarya ake ƙirga shi, ɗari-ɗari, a shimfiɗa ganyen fita a jera shi, a ɗaure huhu, a zuba a waga. Jaki ɗaya yakan ɗauki goro 5,000 zuwa 6,000. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata na kusa da shi, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a kare shi daga iskar hunturu. Haka za a yi ta yi har Kano. Barth ya ƙiyasta cewa fiye da kayan jaki 500 ne ke shiga Kano a shekara, kowane kaya in ya iso lafiya ana sayar da shi wajen wuri 200,000. A hanyar dawowa ne kuma maniyyata daga Salaga da Yendi sukan bi ayari zuwa Kano, daga nan su nufi gabas, tafiyar da takan ci shekaru kafin a ga Makka.

Abin da shiri ba ya iya tarewa shi ne juyin zamani. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, babban birnin Asante, Gwanja ta yi wa Asante tawaye, Asante kuma ta toshe goro daga zuwa Salaga, kasuwa ta koma Kintampo da Atebubu. A 1892 rikicin sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke mulkin Salaga, ya zama yaƙi, ɗaya ɓangaren ya samo mayaƙa daga Dagomba da Nanumba, aka fasa garin. Malamai da attajirai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, wasu har Kumasi da Accra, suka ƙarfafa zangunan da ake gani a biranen Ghana yau. A Disamban 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagomba a Adibo suka shiga Yendi, a 1899 kuma aka ja iyaka: Yendi ta faɗa hannun Jamus, Salaga hannun Ingila. Hanyar da madugu yake bi da gaisuwa da sanayya ta zama mai tashoshin Turawa, inda ake ƙirga kaya a karɓi haraji a ba da takarda, har da Bawku da Gambaga, kafin a soke harajin bayan 'yan shekaru.

Masu ido sun ga inda aka dosa. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawa da aka haifa a Bebeji a 1877, ya san Gwanja tun yana matashi, amma wajen 1906 ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Accra da Sekondi zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, daga baya kuma manoman ƙasar Yarabawa suka shuka irin goron Gwanja a wajen Agege da Shagamu. Manyan ayarori suka mutu a cikin rayuwar mutum guda.

Takarda ce ta gaji madugu, kuma jikokin fatake sun ɗanɗana zafinta. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Ghana. Mutanen da aka haifa a zangunan ƙasar, waɗanda kakanninsu suka zo tun ba a ja iyaka ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a kan abin da bai taka kara ya karya ba, suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da wasunsu ba su taɓa gani ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta sassauta lamarin, ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza.

Mai niyyar zuwa Salaga ko Yendi daga Kano yau, ziyarar dangi ce ko ganin wuraren tarihi, yana bukatar fasfo mai sauran wa'adi da katin rigakafin shawara, wanda Ghana take tambaya a bakin iyaka. In ta ƙasa zai bi, kuɗi uku zai taɓa, naira da sefa da sidi, kuma gara ya canza kaɗan-kaɗan da ya ɗauki dunƙule. Watannin hunturu sun fi daɗin hanya, domin damina har yanzu tana wahalar da wasu titunan Gwanja ta gabas. Labarin hanya kuwa sai sabo. Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, akwai matsalar tsaro a gabashin Burkina inda tsohuwar hanyar Gurma ta bi, Bawku kuma ta sha fama da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, har hukuma takan sa dokar hana fita. Direbobin manyan motocin da ke ɗauko albasa daga Galmi ta Nijar zuwa Kumasi da Accra sun fi kowa sanin halin da ake ciki a kowane mako. Kafin su tayar da mota sukan kira wanda ya wuce jiya, su ji wace iyaka ce a buɗe, shinge nawa ne a gaba, sannan su jira 'yan uwansu a tashi a jere.